Kula da Motar Ƙungiya: Idan Notin Juyen Mai Ya Ƙi Kwancewa

Ƙungiyoyinmu da yawa mota guda ɗaya gare su. Ita ce ta ke ɗauko taki da iri, ita ce ta ke kai hatsi kasuwa, wani lokaci ma ita ta ke kai mai naƙuda asibiti da tsakar dare. Domin a rage kashe kuɗi, waɗansu sun koyi yi mata juyen baƙin mai a gida maimakon a kai ta gareji a gari. Wannan abu ne mai kyau, muna kuwa ƙarfafa shi. Aikin ba wuya. A kwance noti ɗaya a ƙarƙashin inji, tsohon mai ya tsiyaye, a mayar da notin, a sake filta, a zuba sabon mai. Amma akwai ranar da za a sa sifana a ja, noti ya ce atafau ba ya motsi. Darasinmu na wannan karo a kan wannan rana ya ke.

Tun da fari, ga abin da mu ke so kowane direba da kowane shugaban ƙungiya ya riƙe. Notin nan abu ne mai araha. Kaskon mai da a ka ɗaura shi a jiki, shi ne mai tsada, ga kuma wuyar samu a ƙauye. Muddin noti yana maƙale kuma ba ya yoyo, motarku lafiya lau ta ke, tana iya tafiya da ƙafarta har wurin bakanike. Ranar da a ka sa ƙarfi a ka tsaga kasko, ko a ka cinye zarensa, mota ta zauna ke nan, sai a nemo wata ta ja ta. Saboda haka duk dabarar da za mu koya a nan, ta ceton kasko ce. Noti kam, in ya zama dole, a lalata shi.

Me ya sa ya ke maƙalewa?

Mutane su kan ce tsatsa ce. Sau da yawa ba ita ba ce, gama zaren wannan noti a cikin mai ya ke kwana ya ke tashi. Shi ya sa in an yi ta fesa masa maganin tsatsa ko a jiƙa shi da kananzir, ba a cika ganin wani amfani ba. Wosha ta toshe hanya, abin da a ka fesa ba ya kai wa ga zare.

Babban dalili shi ne wanda ya yi juye na baya ya ɗaure shi fiye da kima. Tsoron yoyo ne ya ke jawo haka. Mutum ya ɗaure, ya ga kamar bai isa ba, ya sa ƙafa ya ƙara. A gareji kuma akwai masu ɗaure shi da injin ɗaure notin taya, wanda bai kamata ya kusanci wurin ba.

Bari mu auna abin. A yawancin ƙananan motoci da a-kori-kura, ƙarfin da masu ƙera mota su ka ce a ɗaure notin nan da shi yana tsakanin 25 da 40 a ma'aunin da a ke rubutawa Nm a littafin mota. Mu ɗauki 30. In ka sami sifana mai tsawon santimita 20, ka rataya bokiti mai ruwa lita 15 a ƙarshenta, to ƙarfin ke nan, ba ƙari. Yaro ma yana iya kai wa. Amma in ƙato mai nauyin kilo 70 ya zura bututu mai tsawon mita 1 a sifana ya taka shi, ya ba notin kusan 700, watau fiye da ninki 20 na abin da a ke bukata.

Dalili na biyu wosha ce. Tsakanin kan noti da kasko akwai ɗan zobe mai taushi, na jan ƙarfe ko na alminiyom. An yi shi ne domin ya lotse sau ɗaya ya toshe yoyo. In an mayar da tsohuwar wosha sau biyu, sau uku, ta riga ta taurare, sai mai ya soma ɗiga, sai a ƙara ɗaurewa, haka a ke yi har wata rana noti ya ƙi fita. Akwai kuma wanda a ka sa shi a karkace ya hau zare ba daidai ba, da wanda dutse ya buge a hanyar gona, da wanda wani ya shafa wa gam domin ya ɓoye ɓarnar da ya yi.

Kafin a shiga ƙarƙashin mota

Ba a fafe gora ranar tafiya. Kada a soma juye da yamma in gobe da asuba za a je ɗaukar taki. A zaɓi safiyar ranar da kasuwa ta ke buɗe, domin in an bukaci wani abu a hau babur a sayo. Tun kafin a taɓa noti, a tanadi sabon noti irin na motar da sabuwar wosha. Wanda ba shi da sabon noti a hannu, kada ya ɗauki guduma.

Sa'an nan maganar rai. Noti mai taurin kai yana sa mutum ya yi ta fizga, mota kuwa tana girgiza. Jak an yi shi ne domin ɗaga mota, ba domin riƙe ta a kan mutum ba. Bulon siminti da tubalin ƙasa su ma ba abin dogara ba ne, su kan farfashe farat ɗaya ba gargaɗi. A nemi wuri mai tauri, sosai, ba gangare ba. A ja burkin hannu, a sa giya, a sa waigi gaba da bayan tayoyin da ke ƙasa. In an ɗaga motar, a sauke nauyinta a kan ƙafafun ƙarfe da a ka yi domin haka, ko a kan manyan gungumen katako masu faɗi. A girgiza ta da ƙarfi a gani kafin kowa ya shiga. A-kori-kura da yawa suna da tsayi, mutum yana iya shiga ba sai an ɗaga ba, wannan ya fi. Kullum a sami mutum na biyu a tsaye kusa.

A tada inji ya yi kamar minti 5, a kashe. Ɗumi yana tsinka mai ya fita da sauƙi, yana kuma taimakon noti. In kaskon na alminiyom ne, taimakon ya fi yawa, domin alminiyom yana buɗewa da zafi kusan ninki biyu na baƙin ƙarfe, sai ramin ya ɗan saki. Ɗumi mu ka ce, ba zafi ba. Man motar da ta dawo daga doguwar tafiya yana kai zafin tafasasshen ruwa, in ya zubo a hannu sai fata ta saɓule. Kada kuma a kawo wuta, ko ta gas ko ta tsumma, domin a gasa noti. Ga mai a ciki, ga bututun fetur a kusa.

A tabbata notin da a ke fama da shi na inji ne. Giyabos ma tana da nata, a waɗansu motoci kuma kusa su ke da juna. An sha tsiyaye man giya cikin rashin sani, a ƙara wa inji sabon mai a kan tsoho, mota ta tashi da giya busasshiya. A bi bututun da a ke zura sandar geji da ido, kaskon da ya sauka a ciki shi ne na inji. In an kwance a ka ga jan mai, ko mai haske mai wari mai ƙarfi, a mayar da noti nan da nan.

Sai gefen da a ke juyawa. Kada kowa ya ji kunyar wannan, gama manyan direbobi ma su kan rikice. In kana kallon kan noti ido da ido, ana kwance shi ne saɓanin yadda hannun agogo ya ke tafiya. Amma notin juye sau da yawa yana fuskantar bayan mota, kai kuwa ka shigo ta gaba kana kwance rigingine, sai hagu ta zame maka dama. Ga dabara: ka riƙe kwalba mai murfin murɗawa, ka juya murfinta ya fuskanci inda kan noti ya ke fuskanta, ka buɗe ta. Yadda murfin ya juya, haka noti zai juya. Wani lokaci notin da a ke cewa ya maƙale, ƙara ɗaure shi a ke yi.

Sifanar da ta dace

A wanke laka da maiƙo daga kan noti da kananzir da tsohon buroshi, domin sifana ta zauna har gindi. Sifana mai buɗaɗɗen baki, da wadda a ke murɗawa a ƙara mata baki, da filaya, duk a ajiye su gefe. Kusurwa biyu kawai su ke kamawa, da an ja da ƙarfi sai su zame su goge kan noti. Abin da a ke so soket ne ko sifanar zobe, kuma mai kusurwa 6 a ciki, ba mai 12 ba. Mai kusurwa 6 tana rungumar gefen noti duka, mai 12 kuwa tsinin kusurwa kaɗai ta ke taɓawa. Ƙungiyar da ta ke yin juye a gida ya kamata ta sayi soket ɗin nan guda ɗaya mai kyau, a ajiye shi domin wannan aiki kaɗai.

Lamba kuma ta zama daidai. Toyota da Nissan da yawa lamba 14 su ke ci, Honda 17, Volkswagen da dama 19. A lura da sifanun inci da ke gauraye a akwatunan kayan aiki na tsofaffin taraktoci. Mai lamba 9/16 ta fi milimita 14 da ɗan kaɗan, mai 11/16 ta fi 17 da kusan rabin milimita. Za su shiga, ka ga kamar sun yi, amma wannan ɗan sararin ya isa ya cinye noti. In sifana tana girgiza a kai, ba ita ba ce. Masu tsofaffin Peugeot, irin waɗanda a ka soma harhaɗawa a Kaduna a 1975, su duba da kyau: notin da yawa daga cikinsu ba shi da kai a waje, rami ne mai kusurwa 4 na milimita 8, da makullinsa na musamman. A ƙwaƙule ƙasar da ke cikin ramin da ƙusa kafin a zura makulli, in ba haka ba rabinsa kawai zai shiga.

To, an sa soket ya zauna. Hannu ɗaya ya danne shi a kan noti domin kada ya karkace, ɗayan ya ja. A ja zuwa jiki, kada a tura, domin in ya saki ba zato yatsu ba za su daki ƙarfe ba. In bai motsa ba, a riƙe sifanar a matse, a buga ƙarshenta da tafin hannu ko da guntun katako, bugu gajere mai kaifi. Noti ya fi jin bugu irin wannan da dogon ja. Ana kuma iya ɗan ƙwanƙwasa kan notin kansa da ƙaramar guduma sau uku ko huɗu domin wosha ta saki, amma ƙwanƙwasawa, ba duka ba.

In duk wannan bai yi ba, sai a ƙara tsawon hannu da bututu. Rabin mita ya isa. A ja da hannu a hankali, ana ƙara ƙarfi kaɗan kaɗan, mutum na biyu yana danne soket. Ba a takawa da ƙafa, ba a kuma sa jak a ƙarƙashin sifana. Noti mai lafiya ya kan saki da ƙara guda, ƙas, daga nan ya bi yatsu. In kuwa ka ji sifana tana tafiya da laushi kamar ana murɗa ɗanyen kara, ka tsaya. Ko kai ne ya ke cinyewa, ko zare.

In kai ya riga ya cinye

Nan ne a ke bukatar haƙuri, nan ne kuma ya kamata a tsaya a yi shawara. Akwai tambaya biyu. Sabon noti yana hannu? Kaskon na baƙin ƙarfe ne ko na alminiyom? Maganaɗisu zai faɗa muku, yana kama ƙarfe, ba ya kama alminiyom. Kaskon ƙarfe ya kan lotsa ya jure. Na alminiyom ba ya lotsawa, tsagewa ya ke yi, zarensa kuma ya fi na noti taushi, saboda haka in an yi gardama shi ne ya ke faɗuwa. Motocin da a ke shigowa da su yanzu da yawa irin wannan kasko gare su, waɗansu ma na roba ne da notin roba wanda a ke sakewa kowane juye. A ganinmu, in kasko ba na baƙin ƙarfe ba ne kuma kai ya cinye, a bar shi haka a tuƙa motar zuwa wurin bakanike. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

In gari da nisa, ko kuwa lokacin juye ya wuce ƙwarai, akwai hanyar fid da mai ba tare da an taɓa noti ba. A zura siririn tiyo ta bututun geji har ya taɓa ƙasan kasko, a zuƙo mai da ɗan famfon hannu yayin da ya ke da ɗumi. Ba da baki ba. A auna abin da ya fito a gwada da abin da littafin motar ya ce, ƙananan motoci kusan lita 4 ne, masu injin gas sun fi haka. In ya yi kusa, a sake filta a zuba sabo. Mota ta sami mai, noti kuma ya jira ranar da za a je gari.

Wanda ya ga zai ci gaba, ya bi daga mai sauƙi zuwa mai tsanani. A ɗauki soket mai kusurwa 6 wanda ya gaza da lamba ɗaya, misali 13 a kan 14 da ya goge, a buga shi a hankali har ya cije, sa'an nan a juya. Ko a goge gefe biyu na kan noti da magagari su miƙe, a kama da filaya mai kulle ko ƙaramar sifanar masu gyaran famfo, wadda haƙoranta su ke ƙara cizo in ana ja. Akwai kuma soket na musamman mai haƙora a murɗe a ciki, an yi shi domin cinyayyen noti, ana samunsa wurin masu sayar da kayan kanikawa a manyan garuruwa.

Bayan waɗannan sai kurfi da guduma. A sara ɗan gurbi a bakin faifan noti, a karkata kurfin ya bi gefen kwancewa, a riƙa bugawa kaɗan kaɗan. Bakin kurfi kada ya taɓa fuskar kasko inda wosha ta ke zama, gama sara ɗaya a wurin yoyo ne na har abada. Dabara ta ƙarshe ita ce mai walda ya liƙa sabon noti babba a kan tsohon. Tana aiki ƙwarai, zafin walda ma yana taimako, amma aikin gwani ne. A cire kan batir tukuna, a maƙala wayar ƙasa ta walda a kusa da notin, a tanadi yashi a bokiti. Motocin zamani suna da na'ura mai sarrafa inji wadda wutar walda ta ke iya ƙonawa, kuɗinta kuwa ya fi na kasko.

Akwai wata matsala dabam: noti yana juyawa amma ba ya fitowa. Wannan zare ne ya riga ya mutu, ko kuwa notin da a ka liƙa a cikin kaskon ƙarfe ya ɓalle. A zura bakin sukudireba a ƙarƙashin faifan noti, a riƙa ɓanɓarowa a hankali ana juyawa, sau da yawa ya kan kama sauran zare ya fito. In ya fito, a duba jikinsa. In an ga ɓarɓashin farin ƙarfe a naɗe a zarensa kamar waya, zaren kasko ne ya biyo shi. Kada a mayar da shi da tsumma, ko leda, ko farin tef na masu famfo, ko gam. Zai riƙe yau da gobe, ya faɗi a hanya da kaya a baya, kuma injin da mai ya tsiyaye masa ba ya minti da yawa kafin ya buga. Gyaran gaskiya shi ne bakanike ya yanka sabon zare ya sa noti mai ɗan girma, ko ya dasa zaren ƙarfe a ramin, ko a sake kasko. In an yanka zare, a zuba ɗan sabon mai ta sama ya wanko ɓarɓashi kafin a rufe.

Mayar da noti

Tsohon mai a tare shi a jarka mai murfi. Kada a zubar kusa da rijiya ko lambu, kada kuma a shafa wa dabba a ƙurji ko domin kaska, kamar yadda mu ke gani a wurare da dama. Akwai dafi a cikinsa, dabba tana lasa, fata ma tana sha. Wanda ya yi aikin ya wanke hannu da sabulu, jarkar kuma ta rabu da ruwan sha da man gyaɗa har abada.

A goge bakin rami da tsumma mai tsabta, a tabbata tsohuwar wosha ba ta manne a jikin kasko ba. A sa sabuwa. A soma ɗaura noti da yatsu kaɗai, ya tafi har ya kusa zama ba tare da sifana ba. In ya cije a juyi na farko ko na biyu, a karkace ya ke, a fid da shi a sake. Sa'an nan a ɗauki gajeriyar sifana, a ja da hannu ɗaya har a ji wosha ta lotse ta tsaya. A tuna da bokitin nan na lita 15. Ƙungiyar da ta ke da hali ta sayi sifana mai ma'auni, wadda ta ke yin ƙara in an kai adadin da a ka saita, ƙungiyoyi biyu ko uku ma suna iya haɗa kuɗi su saya tare.

Motar ƙungiya hannu da yawa ke taɓa ta, yau wannan, gobe wancan, in abu ya ɓaci kuwa ba wanda ya san wa ya ɗaure. Muna ba da shawara kwamiti ya naɗa mutum ɗaya da mataimakinsa su zama masu juye. A ajiye ɗan littafi a cikin mota, a riƙa rubuta ranar juye, da kilomita, da irin man, da sunan wanda ya ɗaure noti, da ko an sa sabuwar wosha. Ma'aji ya sayi wosha 10 a lokaci ɗaya da noti guda na ajiya, a sa su a gwangwani tare da soket.

In an zuba sabon mai, a tada inji, a ga fitilar mai ta mutu cikin 'yan daƙiƙu, a bar shi ya yi minti 2 ko 3, a kashe. A leƙa noti da filta, a jira kaɗan a duba geji. Da dare a shimfiɗa kwali a ƙarƙashin inji. In da safe an ga ɗigo daidai noti, kada a ɗauko bututu a ƙara ɗaurewa. A tari man a roba mai tsabta, a kwance noti, a duba wosha da fuskar kasko, a sa wata woshar, a mayar da man.